Yayana zai ajiye girin kad ya dawo Argungu: wane haraji ke jiransa?

Ɗan Kabi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar Amurka. Yayana ya ci lotarin biza a 2011, ma'aikacin jinya ne a jihar Teksas, kuma har yau girin kad gare shi, wato katin izinin zama na dindindin, bai karɓi fasfonsu ba. Inna ta tsufa, gonakin fadama da Baba ya bari babu tsayayye a kansu, shi ya sa ya ƙudura dawowa gaba ɗaya. Wani abokinsa ya ce masa ya hau jirgi kawai, katin zai mutu da kansa idan wa'adinsa ya cika. Wani kuma ya ce akwai harajin fita da za a yanke masa. Yana da gida can da bai gama biya ba, da asusun fansho na wurin aiki. 'Ya'yansa biyar, uku na uwargida suna nan tare da mu, biyu na amarya can aka haife su. Wace magana ce gaskiya?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin tada hankali cikin wagga magana ba. Mutum ya yi musu aiki shekara da shekaru, suna cire harajinsu tun kuɗɗi ba su shigo hannunshi ba. In ya taho gida mi za su yi? Argungu za su biyo shi? Ka ce mishi ya taho, uwa ta fi kati.

Akantar Yawuri: Ƙanena Ɗan Kabi, don Allah kada ya bi shawarar abokin nan na farko. Aikina ke nan a ƙasar, cika wa mutane takardun haraji, kuma wannan shawarar ta jefa mutanenmu da yawa cikin wahala. Ranar da ke rubuce a jikin katin ranar mutuwar roba ce, matsayin mutum bai mutu ba. A wurin hukumar harajinsu, IRS, yana nan mazaunin Amurka har sai ya miƙa fom mai lamba I-407 ya ce ya ajiye, ko hukuma ko kotu ta soke masa zaman. In bai yi haka ba, yana Argungu yana sayar da shinkafa, dokarsu na jiran ya kawo rahoton abin da ya samu kowace shekara, ko a ina ya samo shi.

Harajin fita kuma gaskiya ne. Doka ce ta watan Yunin 2008, sashe na 877A na dokar harajinsu. Tana hawa kan wanda ya ajiye fasfo, tana kuma hawa kan mai girin kad da ya riƙe shi shekara 8 cikin 15 na baya. Lissafin shekarun ba irin namu ba ne: ko a watan Disamba ka samu katin, an ƙirga maka shekarar sukutum. Yayanka ya daɗe da wuce nan. Hasali ma tun zagayen 2015 aka cire Najeriya daga lotarin, don haka duk ɗan Najeriyar da ya shiga ta wannan ƙofa kuma katin na hannunsa har yau, ya riga ya haura takwas.

Amma wuce shekara takwas ba shi ne biya ba. Sai in mutum ya faɗa cikin ɗaya daga abu uku. Dukiyarsa, bayan an cire bashi, ta kai dala miliyan 2. Ko matsakaicin harajin da ya biya a shekara biyar na baya ya haura dala 206,000 a shekara, a ma'aunin 2025. Ko kuma ya kasa sa hannu a fom 8854 cewa takardun harajinsa na shekara biyar cikakku ne, babu ɓoye-ɓoye.

Ɗan Kabi: Alhamdulillah, to ai ya tsira Hajiya. Dala miliyan biyu kusan naira biliyan uku ke nan a canjin 2025. Yaya bai kusa da nan ba.

Akantar Yawuri: Kada ka yi saurin hamdala a kan na farko ka manta da na uku, don na ukun ne ke kama talaka. Ba ruwansa da yawan dukiya. Bari in tambaye ka. Rabonsa na gonakin fadama, in an yi girbi ana tura masa kuɗi ko ana zuba masa a banki nan gida? Yana da shago ko gidan haya a Birnin Kebbi? Ya taɓa rubuta waɗannan a takardar harajinsa ta can?

Ɗan Kabi: Akwai shaguna biyu a Jega da ake karɓar masa haya, kuɗin shinkafa kuma ni nake zuba masa a asusunsa na nan. Amma Hajiya wannan ai kuɗin Najeriya ne, ba su taɓa ƙetare ruwa ba.

Akantar Yawuri: Abin da kusan kowa ke faɗa ke nan. A dokarsu kuɗinsa ne, ko da a cikin rumbu ya ajiye su. In bai rubuta hayar Jega da ribar shinkafa ba, takardunsa na shekara biyar ba cikakku ba ne, kuma sa hannun fom 8854 rantsuwa ce a gaban doka. Akwai ma wani wajibi daban: in jimillar abin da ke asusansa na wajen Amurka ta taɓa haura dala 10,000 ko na yini ɗaya cikin shekara, sai ya ba da rahoton da ake kira FBAR, wanda tararsa daban take.

Gyara na yiwuwa, muddin ba da gangan ya ɓoye ba. Akwai tsarin sassauci da IRS ta buɗe: a gyara takardun shekara 3, a kawo rahoton asusai na shekara 6. Wanda ke zaune cikin Amurka yana biyan tarar kashi 5 cikin ɗari na dukiyar wajen da bai bayyana ba. Sai dai tsarin shekara uku yake gyarawa, fom 8854 kuwa biyar yake tambaya, don haka sauran biyun ma sai an duba su. Duk wannan kafin ya miƙa katin ake yi.

Baban Khalifa: Hajiya ki gahwarce ni, amma ni har yanzu ban gamsu ba. Mutanen ga ba su san da shagon Jega ba. Ke kika ce a je a hwaɗa musu. Wanga ba kai kai ga mahauci ba ne?

Akantar Yawuri: Alhaji, ba sai sun zo Argungu ba, abin da za su riƙe yana hannunsu. Gidansa na can, fanshonsa na can, kuɗin tsufa na gwamnati da ya tara yana can, 'ya'yansa biyu 'yan ƙasarsu ne. Rashin miƙa fom 8854 kaɗai tarar dala 10,000 ce. Ni kuma ba zan ba Musulmi shawarar ya yi rantsuwa a kan ƙarya ba, ko da babu mai kama shi.

Ɗan Zuru a Kanada: Hajiya, a ce ya faɗa cikin tarkon, nawa zai biya? Don nan Kanada mu ma akwai irinsa, amma ba ruwansa da fasfo. Ranar da ka daina zama mazauni, sai su ɗauka ka sayar da wasu kadarorinka a farashin ranar, ka biya haraji a kan riba. Fasfonka na aljihunka ka tafi, ba mai sake binka.

Akantar Yawuri: Salon ɗaya ne Malam. Suna ɗauka cewa jajiberin ranar da ya fita ya sayar da duk abin da ya mallaka a duniya, har gonar fadama da shanu. Ribar dala 890,000 ta farko an yafe a 2025, sauran ake yi wa haraji. Misali gida ya saya 250,000 yau ya kai 400,000, riba 150,000 ke nan, ba ta ko kusa da iyakar ba. Abin da ya mallaka tun kafin ya je kuma, darajarsa ta ranar da ya zama mazauni ake ɗauka a matsayin kuɗin saye. Don haka a wannan ɓangaren mai yiwuwa ko sisi ba zai biya ba.

Inda ciwon yake wuri biyu ne. Na ɗaya fansho, wanda yafiyar nan ba ta shafe shi ba. Asusun IRA, wato fanshon da mutum ya buɗe wa kansa, ana ɗauka ya kwashe shi duka rana guda, a ɗora haraji a kan jimillar. Na wurin aiki, 401k, in ya miƙa fom W-8CE cikin kwana 30, sai a riƙa cire kashi 30 daga duk abin da ya ɗiba.

Na biyu shi ne wanda ke hana ni barci a kan mutanenmu, sashe na 2801. Wanda ya fita da wannan tambari a kansa, wato ya faɗa cikin ɗaya daga abu ukun nan, duk kyauta ko gadon da ya bar wa ɗan ƙasar Amurka ko mazauninta, mai karɓa zai biya kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura dala 19,000 a shekara, a ma'aunin 2025. Ba ya ƙarewa da shekaru. Ko bayan shekara talatin ya rasu a Argungu, ko dukiyar a nan gida ya tara ta bayan dawowarsa, 'ya'yan amarya biyu za su biya, na uwargida uku ba za su biya ba. An ware abin da aka bar wa mata ko miji in ɗan ƙasar Amurka ne, da na sadaka ga ƙungiyoyin da dokarsu ta amince da su, amma ba a ware 'ya'ya ba. A watan Janairun 2025 suka fitar da cikakkun ƙa'idojin karɓarsa.

Maman Ummi: Innalillahi. Uba ɗaya, gado ɗaya, wani ya ɗauki nasa cif, wani a zabge masa kusan rabi? Malam na Gwandu yana nan? Yaya ake rabon irin wannan?

Malamin Gwandu: Ina biye Hajiya. Abin da ake fitarwa kafin rabo sananne ne: hidimar jana'iza, bashin mamaci, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. In na fahimci bayanin Akanta, wannan haraji ba a kan mamaci aka ɗora shi ba, a kan magajin ne bayan rabonsa ya shiga hannunsa. To ba bashin mamaci ba ne da za a cire daga tarika a rage wa sauran. Kowa zai karɓi abin da Allah ya yanka masa, sai dai in 'yan'uwa sun ga dama su taimaka wa juna da daɗin rai. Uban kuma ba zai ce zai cike musu gurbi da wasiyya ba, don babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. In ya ce zai ba su kyauta tun yana raye, hadisin Nu'umanu ɗan Bashir na gabansa, an umarce mu da adalci tsakanin 'ya'ya. Shi ya sa nake ganin tsabtace takardun nan kafin ya fito haƙƙin 'ya'yansa ne a wuyansa. Na ga gidajen da rabon gona ɗaya ya raba zumuncin ɗaki biyu, balle a ce hukumar wata ƙasa ta shigo tsakani.

Akantar Yawuri: Allah ya gafarta Malam, fahimtarka daidai ce, mai karɓa ne ke biya. Kyautar ma in bayan fitarsa ya yi ta, kashi 40 ɗin na binta.

Barista Birnin Kebbi: Ni ina da ra'ayi daban, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Me ya sa zai ajiye? Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu da katin ya daɗe da cancantar neman zama ɗan ƙasa. Ya karɓi fasfon, ya dawo da biyu. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 bai hana haifaffen ɗan Najeriya riƙe wata ƙasa ba. Ba fita, ba harajin fita, ba tambari a kan 'ya'ya. Ku kuma duba batun biza: a watan Yulin 2025 yawancin bizar ziyara da Amurka ke ba 'yan Najeriya ta koma shiga ɗaya, wata uku. Uban da 'ya'yansa biyu za su yi karatu can, ranar da ɗaya ya kwanta asibiti sai ya shiga layin ofishin jakadanci a Abuja yana roƙo?

Baban Khalifa: Barista, wanda zai dawo gida ya dawo da ƙahwa biyu. Ba mu son a bar guda can. Kuma rantsuwar da suka sa mutum ya yi kahin su ba shi fasfon, ka karanta ta? Cewa ake ka saki biyayya ga kowace ƙasa. Ni ban yarda ɗan'uwana ya hwaɗi haka da bakinshi ba, ko da Najeriya ba ta ɗauke ta komi ba.

Barista Birnin Kebbi: Na karanta Alhaji, kuma ina girmama damuwarka. Ni abin da doka ta tanada nake faɗa: rantsuwar ba ta cire shi daga Najeriya. Fita daga Najeriya sai ta sashe na 29, mutum ya bayyana a rubuce, shugaban ƙasa ya sa a yi rajista, kuma yana da ikon hanawa lokacin yaƙi. Sashen nan ne ma aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a majalisar dattawa a 2013, lokacin da Sanata Ahmed Sani Yarima ya tsaya a kan sakin layin da ya ce matar aure ta cika shekarun hankali. Mutane da yawa ba su san asalin sakin layin a kan barin ƙasa yake magana ba.

Akantar Yawuri: Barista, shawararka tana da ƙarfi, amma a faɗa masa kuɗinta. Amurka na bin ɗan ƙasarta da haraji duk inda yake a duniya, abin da ban da ita sai Eritiriya ke yin irinsa. Boris Johnson, da aka haifa a New York a 1964, sai da suka bi shi haraji a kan gidan da ya sayar a Landan yana magajin garin, daga baya ya ajiye fasfon a 2016. Yayan Ɗan Kabi zai riƙa cika takarda kowace shekara har mutuwa. Gaskiya ne ana yafe kuɗin aikin da aka yi a waje har dala 130,000 a 2025, kuma ana rage masa abin da ya biya Najeriya. Amma manomi ko ɗan kasuwa mai cin gashin kansa akwai kashi 15.3 na asusun tsufa da wannan yafiya ba ta taɓawa, kuma babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta ɗauke masa.

Ta ɗaya gefen kuma, in ya ajiye katin ya zama baƙo, kuɗin tsufansa na gwamnati za a riƙa cire kashi 25.5. In ya rasu ya bar gida ko hannun jari a Amurka, dala 60,000 kawai ake yafe wa baƙo kafin harajin gado ya hau, alhali ɗan ƙasa ana yafe masa sama da miliyan 13. Ni a ganina wanda 'ya'yansa da fanshonsa ke can, maganar Barista ta fi masa. Wanda zai kwashe komai ya taho, ajiyewa cikin tsabta ta fi sauƙi.

Maman Ummi: Ku yi haƙuri in sako tawa. 'Yata a can na haife ta a 2008, muka dawo tana wata biyu, a Birnin Kebbi ta girma. Bayanin nan ya tsorata ni. In je in ajiye mata fasfon tun kafin abin ya same ta?

Akantar Yawuri: Kwantar da hankalinki 'yar'uwa. Ba ki da ikon ajiye mata, iyaye ba sa yi wa ɗa. Ita za ta tsaya da kanta gaban jami'in jakadanci a Abuja ko Legas, kuma kuɗin aikin da aka sa a 2014 dala 2,350 ne. Yarinyar da ba ta da kuɗin shiga ba ta da takardar cikawa, sai ta fara samu ko asusunta ya haura dala 10,000 ɗin nan. Kuma irinta, da aka haifa da ƙasa biyu take zaune a ɗayar, doka ta ɗauke mata gwajin dukiya da na yawan haraji ko da ta ajiye nan gaba, sai dai na shekara biyar yana nan. Kada ku yi gaggawa, babba in ya ajiye ba a mayar masa. Ki bar ta ta gama karatu ta yanke da kanta.

Ma'aikacin Haraji: Kada a manta da gida jama'a. Mu nan ba fasfo muke dubawa ba, zama muke dubawa. Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin shekara, ko gidansa da iyalinsa na nan, mazauni ne, kuma hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune ce ke karɓar harajinsa. Sabuwar dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ranar fara aikinta 1 ga Janairun 2026 ce: naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji, daga nan ya riƙa hawa har kashi 25. Mazauni kuma abin da ya samu a ciki da waje duka ake dubawa. In gidan can zai sayar, lokacin sayarwar na da muhimmanci a gare mu ma.

Akantar Yawuri: Ƙwarai Yallaɓai. Ya sayar tun yana ciki. Gidan da mutum ya zauna shekara 2 cikin 5 na baya ana yafe ribar dala 250,000, ma'aurata masu cika takarda tare 500,000. In ya bari sai ya zama baƙo, mai saye zai riƙe har kashi 15 na dukkan kuɗin gidan ya miƙa wa IRS, sai daga baya ya bi sawun abin da ya yi saura. Ɗan Kabi, ban tambaye ka ba, amaryar wace shekara ta samu nata katin? Kowa nasa lissafin daban ne.

Ɗan Kabi: Na tambaye shi yanzu. Ta fara zuwa da biza ta haihu, katin kuma a ƙarshen 2019 ya fito mata. Takardar haraji tare suke cikawa.

Akantar Yawuri: To ƙirga da ni: 2019, 2020, 2021, 2022, 2023, 2024, 2025. Bakwai. In ta wayi gari ranar 1 ga Janairun 2026 da katin, ta shiga ta takwas, dokar fita ta hau kanta ita ma, kuma takardun da babu hayar Jega a ciki da sa hannunta. In ta ajiye kafin ƙarshen Disamban 2025, sashe na 877A bai san da ita ba. Ba cewa nake ta ajiye ba, uwar yara biyu 'yan ƙasar ce, ita ma tana iya neman fasfon. Amma su zauna da lauyan shige da fice da mai lissafin haraji a makon nan, su tafi da takardun shekara biyar, da bayanan asusun bankin nan gida na shekara shida. Kai kuma ka je banki gobe ka ciro masa bayanan, ka haɗa da rasitan hayar shagunan.